Kan da Likita ta Hana Sunkuyawa

Abu na farko da Ibadan ta ba ni shi ne duka a ido, tun ban gama sauke ƙafata ta biyu daga mota ba.

A tashar Ojoo ne, zamanin mulkin soja. Ni a lokacin malamin firamare ne daga Malumfashi, mai takardar koyarwa da dogon buri, an ba ni gurbin karatun kula da ɗakin littattafai a jami'ar garin. Kwandastan motarmu ya hau sama yana kwance kaya. Irin robar nan ta tsohuwar taya suke ɗaure kaya da ita, a ja ta har sai ta yi ƙara, a maƙala ƙugiyar ƙarfe a bakinta. Na ɗaga kai ina nuna masa jakata, robar ta kuɓuce masa. Ban ga tahowarta ba. Na dai ji kamar an kunna fitila a cikin kaina an kuma kashe, sai ga ni zaune a ƙasa, idona na dama a rufe, wani abu mai ɗumi yana bin kumatuna.

Kafin in gane gabas, na samu likitoci sun fi na asibiti yawa. Wani ya ce a hura. Wani ya ce ruwan sukari. Wata mai sayar da burodi tana ta "Pele, pele!" tana tafa hannu, wato sannu da Yarabanci, kuma ita kaɗai ce a wurin ba ta rubuta mini magani ba. Wani Bahaushe mai fara'a, da hula a karkace, ya dafa ni ya ce, "Ɗan'uwa, kawo jakar in riƙe maka, ka ji da idonka." An riga an sauko mini da ita, na miƙa masa ina godiya. Mutum ne mai riƙon amana, domin har yau yana riƙe da ita.

Wani tsohon direban tasi, Bayarabe mai zane a kumatu, shi ya ture su, ya ja ni cikin motarsa. Bai tambaye ni ina za ni ba. Duk lokacin da hannuna ya nufi idon sai ya buge shi, yana tuƙi yana mini faɗa da yaren da ba na ji. A ƙofar babban asibiti ya sauke ni, na laluba aljihu, ya yi tsaki ya ja motarsa.

Likitar ido mace ce, gajera, ba ta da lokacin kowa. Ta sa aka wanke fuskar, ta ɗinke tsagar da ke fatar idon ta sama. Ta bi ƙashin da ya kewaye idon da yatsa tana tambaya ko nan da zafi, ta taɓa kumatuna da auduga ta ce ina ji ko ya mutu. Ta sa na bi yatsanta da ido, sama da ƙasa, hagu da dama, ta ce in faɗa mata in ya zama biyu. Bai zama ba. Daga nan ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririyar fitila, ta daɗe tana leƙe.

"Ƙwayar ba ta fashe ba," in ji ta da Turanci. "Ƙashin ma lafiya. Amma jijiya ta tsage a ciki, jini ya taru a gaban baƙin idon."

Ta ba ni madubi. Da idon hagu na ga abin: jini ya kwanta a ƙasan baƙin idona, samansa a miƙe sumul, kamar manja a gindin kwalba.

Ta ce jiki zai shanye shi da kansa in an bar shi ya kwanta. Abin tsoro shi ne jijiyar ta sake ɓallewa a kwanakin farko, domin zubar ta biyu ta fi ta farko muni, tana iya cika idon, ta toshe shi, ta tafi da ganin gaba ɗaya. Ta rufe idon da wani marfin roba mai huji-huji, ta manne da filasta, ta ba ni maganin ɗigawa, sannan ta kafa mini doka. In kwanta a jingine, kai a sama. Kada in ɗauki abu mai nauyi, kada in yi nishi, kada in sha maganin ciwon kai mai asfirin, don yana tsinka jini. Kada kuma in sunkuyar da kai, ko takalmi ne ya faɗi.

"Kai Musulmi ne?"

Na ce eh.

"To, goshinka ba zai taɓa ƙasa ba sai na ce. Ka tambayi malamanku, sun san hukuncin. Gadajena sun cika, da na riƙe ka. Kana da wurin da za a bar ka ka huta?"

Na ce ina da shi, cikin 'yan'uwana Hausawa a Sabo. Na faɗe shi da alfahari ma. Na ga ta ɗan dube ni.

Gidan da kawuna ya haɗa ni da shi na Alhaji Sambo ne, mai gidan fataken goro. Wanda bai san Sabo ba sai a yi masa bayani. Falke in ya zo daga Arewa, gidan mai gida yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa goro, a tsaya masa. Mai gida kuwa ba shi da gona, ba shi da shago, jarinsa kaf shi ne a ce gidan wane gidan mutunci ne, baƙinsa masu ladabi ne, ana ganinsu a sahu. Saboda haka kan kowane baƙo a gidan, in ka duba da kyau, kayan Alhaji ne, kuma amfaninsa shi ne ya sauka in an zo wucewa.

Na shiga zauren da la'asar sakaliya, ba jaka, riga da jini, marfin roba a fuska. Alhaji yana kan buzu, babban mutum, jajayen haƙora, mutane sun kewaye shi suna tauna. Na yi sallama, na tsaya a miƙe kamar sandar tuta, na sa hannu a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni, likita ta hana ni sunkuyawa."

Wani siriri mai ɗan gemu, wanda daga baya na san shi da Tanko dillali, ya fara magana.

"Likita *ta*? Mace?"

"Mace."

"Bayarabiya?"

"Ban tambaye ta ba, amma da alama."

"Ikon Allah. Alhaji, ka ji. Bayarabiya ta hana shi gaishe ka. Su da yaransu ke kwanciya rub da ciki a kwalta in sun ga babba."

Aka yi dariya. Alhaji ya ce in zauna, ya yi mini jaje a gajarce, ya tambayi kawuna. Daga ranar sunana ya zama Ticha, kuma ba don girmamawa ba.

Aka ba ni wani ɗaki kusa da ƙofar shiga cikin gida, rabinsa huhunan goro ne. Da magariba na bi su masallacin ƙofar gida, na zauna a ƙarshen sahu, na yi sallata da ishara, ina ɗan rusunar da ido a wurin ruku'u da sujada. Na lura sahun nan gaba ɗaya ya koyi wata sabuwar baiwa, ta yin sujada da goshi ana kallon gefe da wutsiyar ido.

Washegari Alhaji ya kira limamin, Malam Habu, tsoho mai sanyin murya, ya ce a yi hukunci a gaban kowa. Malam Habu bai ɓata lokaci ba. Ya ce mara lafiya yana salla yadda ya iya, a zaune ko a kwance, kuma wanda masanin ciwo ya ce sujada za ta cutar da idonsa, ishara ta isar masa. Ya ce wannan ko ɗalibin da ya fara littafin farko ya sani.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Tanko, "amma ai da ƙafarsa yake tafiya. Jiya na ga ya cinye tuwo tas."

"Da ido ya ci tuwon?" in ji Malam Habu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe a zauren Alhaji Sambo fatawa kamar goro ce, in ba ta yi wa mai saye daɗi ba sai a ce daushe ce. Ba wanda ya musa wa Malam a gabansa. Bayan ya tafi aka ce tsufa ya fara kama shi, kuma dama can yana da sassauci.

Sai aka shiga zuwa dubiya. Na karanta a littattafai cewa akwai ƙasashen da ake barin mara lafiya ya yi barci. A Sabo, hakkin mara lafiya ne a hana shi sakat. Tun daga hantsi ake cika ɗakin, kowa da sannunsa da maganinsa. Wani ya kawo kwalli daga Makka. Wani ya ce nonon mai jego, ɗumi-ɗumi, har ya san gidan da aka haihu. Wani mahauci ya ce a ɗiga ruwan albasa, idon ya yi kuka jinin ya fita. Kowannensu sai ya miƙo yatsa zai ɗaga marfin ya gani, ni kuma ina karewa da gwiwar hannu kamar ɗan dambe. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa warkar da idon akuya, amma duk sun san wani a Shagamu da aka yi wa haka ya warke.

Tanko ya zo da wanzami, da zabirarsa da ƙahonsa.

"Ticha, kai fa ka ce jini ne ya taru."

"Ni na ce."

"To mataccen jini ai ƙaho ne maganinsa, tun kakanni. A ɗan tsaga nan gefen, a ja, shi ke nan. Me boko ya sani a jini?"

"Malam Tanko, jinin a cikin ƙwayar yake. In ka kafa ƙaho a bangon gida, zai zuƙo ruwan randar da ke ɗaka?"

Wanzamin ya yi dariya, ya maida ƙahonsa, ya ce shi dama aski ya fi ƙwarewa. Tanko bai yi dariya ba.

A gidan nan mutum ɗaya ce ta tambaye ni abin da likitar ta ce don ta ji amsa. Hajiya Ladi, uwargidan Alhaji, haifaffiyar Sabo. Ba ta fita, amma daga cikin gida take sayar da koko da ƙosai da safe, tuwo da rana, rabin layin a tukunyarta suke ci. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, ta bayan ƙyauren tsakar gida muke magana. Hausarta a cakuɗe take da Yarabanci, in ta ji haushi kuwa sai Yarabancin ya rinjaya.

"Ɗan nan, a zaune aka ce ka kwana?"

"A jingine, Hajiya."

"A kan buhun goro? O ti o, a'a. Ba a gidana ba."

Ta sa aka fito mini da doguwar kujerarta mai jingina, wadda ta yi jinyar bayanta a kai, da matasai biyu masu ƙanshin turaren wuta. Ƙanshin irin na ɗakin mahaifiyata ne. Na kwanta a kujerar nan, na tuna Malumfashi, na tuna yadda ake jin kiran salla daga nesa ba hayaniyar janareta, na ji hawaye na taruwa, na kuma tuna ban tambayi likita ko an yarda in yi kuka ba. Sai na fasa.

Ita ce kuma ta kira ni wata safiya, murya ƙasa-ƙasa.

"Kokon da Tanko ke karɓar maka, ka sha na yau?"

"Na sha, Hajiya. Da ɗan ɗaci."

"Na jiya fa?"

"Shi ma."

Ta yi salati, ta zuba wani dogon Yarabanci wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Ashe ta hango shi a soro yana kwance ƙullin garin maganin ciwon kai, irin na teburin mai shayi, yana juyewa a kofina. Na taɓa ƙin karɓa a hannunsa, na gaya masa dalili. Shi ne ya ga ya kamata ya taimake ni ba da sanina ba. Da na tare shi, ko kunya bai ji ba.

"Ai ka daina cewa kanka na ciwo, ko ba haka ba? To gode mini za ka yi."

Daga ranar Hajiya da hannunta take turo mini kwano ta ƙarƙashin ƙyaure. Na koma asibiti aka duba, likitar ta ce jinin ya fara ja baya, ta ji labarin garin magani ta rufe ido ta buɗe, ta ce saura kaɗan, in ƙara haƙuri, yanzu ne ma lokacin da ya fi hatsari.

Ranar Juma'a aka wayi gari ana share zaure, ana shimfiɗa darduma sabuwa. Wani attajiri ne zai zo, Alhaji Gambo, wanda fatakensa ke cika rabin ɗakunan gidan. In ya ɗauke su ya kai wani gida, Alhaji Sambo sai ya koma cin goronsa da kansa. Tun da safe mai gidan ya aiko a kira ni.

"Ticha, yau ina da baƙo."

"Na ji, ranka ya daɗe. In ka yarda sai in zauna a ɗaki har ya tafi."

"A'a. Ya ji labari. An ce masa na ajiye ɗan boko a gidana, ba ya gaida manya, ba ya sujada. In ka ɓuya an gaskata ke nan. Za ka fito, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai kamar kowa. Sau ɗaya. Daƙiƙa nawa ne?"

"Baba Alhaji, zan durƙusa har ƙasa. Kan ne kawai ba zai sauka ba. Malam Habu ma ya..."

"Malam Habu ba shi ke ciyar da gidan nan ba."

Wa ya kai labarin, ban tambaya ba. Tanko yana gefe yana gyara zaman hularsa.

Bayan an sauko daga masallaci attajirin ya iso, da mota mai sheƙi da 'yan rakiya. Mutum ne mai ƙiba, mai gajiyayyar fuska, da ka gan shi ka san abincin rana yake tunani. Baƙin gidan suka jeru, kowa ya zube, ya dunƙule hannu, kai a ƙasa. Da aka zo kaina na durƙusa a hankali, bayana a miƙe, na ɗaga hannu na ce, "Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Sai na ji tafin hannun Tanko a ƙeyata.

"Sunkuya mana, Ticha, ba a gaban allo kake ba!"

Da ƙarfi ya danna. Na turje, wuyana ya sage, na riƙe numfashi ina tura kaina sama shi yana turawa ƙasa, sai gwiwata ta zame a kan sabuwar dardumar, na tafi gaba, marfin robar ya bugi gwiwar mutumin da ke kusa da ni. Aka yi dariya, irin ta jin daɗin an gyara ɓarna. Attajirin kuwa, wanda aka yi duk wannan domin shi, ko kallo bai yi ba. Yana tambayar Alhaji Sambo farashin farin goro.

Kafin la'asar idon ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Hasken da nake gani ta hujin marfin ya koma ja, ya koma baƙi. Amai ya taso mini. Na ji muryar Hajiya Ladi daga cikin gida, a karo na farko da ƙarfi, tana kiran mijinta da abin da ban taɓa jin mace ta kira mai gida a gaban baƙi ba, rabi da Hausa rabi da Yarabanci. Malam Habu ne ya tare tasi, ya zauna kusa da ni, ya riƙe mini kai a miƙe da hannuwansa biyu har asibiti, yana ta salati.

Likitar ta ɗaga marfin, ta haska. Wannan karon ba ta ba ni madubi ba. Ta ce idon ya cika da jini baki ɗaya, ya yi tauri kamar dutse. Na tambaye ta ko turawar ce, ko garin maganin. Ta ce ba za ta rantse a kan ɗaya ba, wani lokaci jijiyar kan ɓalle ko an bi doka, amma an yi duk abin da ya kamata a yi don ta ɓalle. Ta samo mini gado, ban san wa aka tasa ba. Aka yi ta ba ni ƙwayoyi da ruwa a jijiya don taurin ya sauka, ya ƙi. Daga ƙarshe suka shiga da ni ɗakin tiyata suka wanke jinin.

Ranar da aka buɗe, ta rufe mini idon hagu, ta tsaya a gabana. Na ga taga. Na ga farar rigarta. Ta ɗaga yatsu, na ƙirga daidai da ta matso. Ta nuna allon haruffa, na karanta babban na sama, na biyun na yi ta zato. Ta ce watakila ya ɗan ƙaru, amma kada in sa rai da yawa, taurin ya riga ya taɓa jijiyar gani. Haka kuwa aka yi. Karatuna na yi shi da ido ɗaya da ɗan guntu, na yi aikin ɗakin littattafai har na yi ritaya, ina karkata kai kamar kaza in zan duba lambar littafi. Ɗaki kuma a unguwar Mokola na kama, wurin wata tsohuwa Bayarabiya da ba ta damu da inda kaina yake ba muddin na share ƙofa.

Amma kafin a sallame ni, wata ranar da hantsi, sai ga Tanko a bakin gadona, da sabuwar riga, da lemo a leda. Ya ja kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ticha, ya jiki? Kai, ka ba mu tsoro. To, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mu dai mun yi iya ƙoƙarinmu."

Na ce na shaida.

"Alhaji ya ce a gaishe ka. Ɗakin nan kuma, goro ya iso da yawa, an zuba a ciki, ka san yadda kasuwa take. Sannan ya ce in gaya maka, abin da ya faru a gaban baƙo, na rashin kunyar nan, kada ka sa a ranka." Ya ɗan matso, ya sassauta murya kamar mai kawo albishir. "Ya ce ya yafe maka."

Ya zauna yana jira in yi godiya. Na sa tafin hannu na rufe idon hagu, na dube shi da na daman. Wani dusu-dusu ne kawai mai hula, ba baki, ba gemu, ba fuska. Tun da na zo Ibadan ban taɓa jin daɗin ganinsa kamar ranar ba.